Yadda Ake Tabbatar wa 'Yan Tsiraru Rabonsu a Shirye-shiryen Samar da Aikin Yi na Gwamnati

Wata rana, bayan mun kammala ɗaukar mutane a wani shirin koyar da sana'o'i na gwamnati da na yi aiki a cikinsa, muka baje jerin sunayen waɗanda suka yi nasara a kan tebur muna dubawa. Babu wanda ya karɓi na goro a cikinmu, babu wanda ya cusa ɗan'uwansa, kuma da za a tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa zai rantse bai nuna wa kowa bambanci ba. Amma da muka bi sunayen tun daga sama har ƙasa, sai muka ga akwai wata al'umma da ke zaune a yankin tun kaka da kakanni, wadda ba ta da ko mutum ɗaya a ciki. Wani abokin aikinmu ya ce, "Ai ba su nema ba." Gaskiya ya faɗa, kaɗan ne suka nema. Sai daga baya muka tsaya muka tambayi kanmu abin da ya hana su. Sanarwar ta fita da harshen da ba shi suke karantawa ba, ofishin rajista ya yi musu nisa, kuma ɗaya daga cikin takardun da muka ce dole a kawo, yawancinsu ba su da ita. Ba mu kori kowa ba, amma tsarin da muka kafa ya kore su tun kafin mu gan su.

Tun daga ranar na daina yarda cewa kyakkyawar niyya kaɗai ta isa. Shirin samar da aikin yi, ko na horo ne, ko na haɗa masu neman aiki da kamfanoni, ko na ayyukan wucin gadi da gwamnati ke biyan lada, yana da ƙofofi da yawa a jere, kuma a kowace ƙofa ana iya zubar da mutane ba tare da an lura ba. Waɗanda suka fi zubewa su ne 'yan tsiraru: ƙananan ƙabilu, masu wani harshe dabam, mabiya addinin da ba shi ne na mafi rinjaye ba, masu wani launin fata, ko waɗanda aka daɗe ana raina asalinsu. Kuɗin da ake gudanar da shirin kuwa na kowa ne, har da harajinsu. Ga yadda ake bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: ku san abin da doka ta ce

Kafin komai, ku nemi dokar ƙasarku a rubuce, ku karanta ta da kanku. Akwai ginshiƙai biyu na duniya da dokokin ƙasashe da yawa suka dogara da su. Na farko shi ne yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1958. Ta hana bambanci saboda jinsin mutum na asali, launin fata, kasancewarsa namiji ko mace, addini, ra'ayin siyasa, ƙasar da ya samo asali ko matsayin zuriyarsa, kuma ta fayyace cewa samun horon sana'a ma yana cikin abin da take karewa. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne tana duba sakamako. Idan wata ƙa'ida ta tauye wa wasu dama, ba a buƙatar sai an tabbatar cewa wanda ya kafa ta yana da mugun nufi. Na biyu shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata, wadda ta amince da ɗaukar matakai na musamman don ɗaga waɗanda aka bari a baya, bisa sharaɗin a janye su idan an cimma manufa.

Daga nan ƙasashe suka rarrabu, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Indiya tana ware kaso kai tsaye a ayyukan gwamnatin tarayya: kashi 15 cikin 100 ga rukunan al'umma da aka daɗe ana ƙyama saboda asalinsu, da kashi 7.5 ga ƙabilun da tsarin mulki ya ambata. A Birtaniya kuwa dokar daidaito ta 2010 ba ta yarda da ware kaso wajen ɗaukar aiki ba. Abin da ta amince da shi shi ne, idan mutum biyu suka yi kunnen doki a cancanta, ana iya fifita wanda ya fito daga al'ummar da ba ta da wakilci. A Amurka, sashe na 188 na dokar shirye-shiryen ma'aikata ta 2014 ya haramta bambanci a duk shirin da ke cin kuɗin dokar. Abin da ya halatta a wata ƙasa yana iya kai ku kotu a wata, don haka kada ku kwafo tsarin wasu ido rufe.

A wannan mataki ne kuma za ku naɗa jami'i guda da alhakin daidaito zai rataya a wuyansa. Ya kasance yana kai rahoto kai tsaye ga shugaban shirin, kuma kada ya zama shi ne mai zaɓen mutane, don ba ya yiwuwa mutum ya binciki kansa. Idan aka ba ƙaramin ma'aikaci wannan aiki a matsayin ƙari kan ayyukansa goma, kowa zai gane ba da gaske ake ba.

Mataki na biyu: ku ƙirga a kowace ƙofa

Zan daɗe a nan, domin duk sauran matakan a kansa suke tsaye.

Ku fara da sanin waɗanda ke yankin da shirin ya shafa. Ƙidayar jama'a da binciken yanayin ƙwadago su ne mafari. Amma ku lura, ma'aunin da ya dace shi ne waɗanda suka cancanci shiga shirin, wato marasa aikin yi ko masu ƙaramin ƙarfi. Idan wata al'umma ita ce kashi goma na mazauna yanki amma ita ce kashi ashirin na marasa aikin yi, to ba ta kashi goma na guraben ba adalci ba ne, ko da yake a takarda zai yi kama da shi.

Sannan ku tambayi masu nema su faɗi al'ummar da suke, da bakinsu. Kada jami'i ya kalli fuskar mutum ko sunansa ya rubuta abin da ya ga dama. A sa tambayar a wata takarda dabam da fom ɗin nema, a bayyana dalilinta da harshe mai sauƙi, a kuma bar gurbin "ba na son in faɗa". Masu tantancewa kada su ga wannan takarda sam. Ireland ta Arewa ta nuna amfanin wannan hanya. Bayan shekaru ana kukan ana danne 'yan Katolika a wajen aiki, dokar 1989 ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa bayar da alƙaluman ɓangaren da ma'aikatansu suka fito duk shekara, su kuma sake duba hanyoyinsu na ɗaukar aiki aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Da haka maganar ta tashi daga zargi da musu ta koma lissafin da kowa ke iya gani.

Dole in yi gargaɗi a nan. Jerin sunaye da ke nuna ƙabila ko addinin kowane mutum abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba, kuma al'ummomin da suka taɓa shan wuya suna da hujjar yin ɗari-ɗari. Ku kulle bayanan, ku taƙaita masu ganinsu, ku riƙa fitar da jimilla kawai, kuma idan adadin wata ƙungiya ya yi ƙanƙanta har ana iya gane mutum, ku haɗa shi da wani. Wasu ƙasashe, kamar Faransa, sun taƙaita tattara bayanan ƙabila ƙwarai. A irin wannan hali sai a yi amfani da abin da doka ta yarda, kamar yankin da mutum yake zaune ko harshen da ya nemi a yi masa magana da shi.

Kada ku tsaya ga ƙirga waɗanda aka ɗauka kaɗai. Ku ƙirga waɗanda suka karɓi fom, da waɗanda suka kammala cike shi, da waɗanda suka tsallake tantancewa, da waɗanda aka ɗauka, da fannin da aka tura kowa, da waɗanda suka kai ƙarshen horo, da waɗanda suka samu aiki, da albashin da suka fara da shi, da waɗanda ke nan bayan wata shida. Ku jera alƙaluman kowace al'umma gefe da gefe. Inda tazara ta buɗe, nan ne ɓarakar take.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da hukumomin Amurka suka fitar a 1978, wanda ake kira ƙa'idar huɗu bisa biyar. Ga misali na lissafi: mutum 200 daga masu rinjaye suka nema aka ɗauki 60, wato kashi 30 cikin 100. Mutum 50 daga 'yan tsiraru suka nema aka ɗauki 9, wato kashi 18. A raba 18 da 30, a samu 0.6. Tunda bai kai 0.8 ba, alama ce ta cewa akwai abin dubawa. Wannan ma'auni ba hukunci ba ne, kuma idan mutanen kaɗan ne yana iya ruɗar da ku, amma yana nuna inda za a haska fitila. Ku kuma raba alƙaluman maza da na mata a cikin kowace al'umma, domin sau da yawa matan 'yan tsiraru ne ke ɓacewa a cikin jimilla.

Mataki na uku: ku kai sanarwa inda suke

Manna takarda a allon ofis da wallafawa a shafin intanet sanarwa ce ga waɗanda dama suna da kusanci da ofishin. Labarin guraben aiki ya fi yawo ta baki, daga ma'aikaci zuwa danginsa da abokansa, kuma idan ma'aikatan duk daga ɓangare ɗaya suke, labarin ba ya fita daga ɓangaren.

Ku fassara sanarwar zuwa harsunan yankin, ku ba wani ɗan harshen ya duba fassarar kafin ta fita. Ku yi amfani da rediyo saboda waɗanda ba sa karatu. Ku zauna da shugabannin al'umma, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da wuraren ibada. Amma kada ku miƙa wa shugaba ɗaya fom ku ce ya raba wa mutanensa, domin a cikin 'yan tsiraru ma akwai shafaffu da mai, kuma su za su kwashe. Shugabanni su taimaka wajen yaɗa labari, nema kuwa kowa ya yi da kansa. Ku ba da isasshen lokaci tsakanin sanarwa da rufe karɓa, ku kuma ɗauki teburin rajistar ku kai shi wurinsu na wasu kwanaki. Al'ummar da ta saba nema ba ta samu ba za ta yarda da ku a zuwan farko ba. Abin da ya fi gamsar da su shi ne su ga ɗansu da ya shiga shirin a baya yana aiki, shi ya tsaya ya yi musu bayani.

Mataki na huɗu: ku tace sharuɗɗan shiga

Ku ɗauki kowane sharaɗi ku yi masa tambaya ɗaya: shin aikin ko horon yana buƙatarsa da gaske? Shari'ar da ta kafa wannan tambaya ita ce ta Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke Power, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1971. Kamfanin ya sa sharaɗin takardar kammala sakandare da cin jarrabawar auna basira kafin a shiga sassa masu albashi mai kyau. A fuska sharaɗin ya hau kan kowa, amma ya fi tankaɗe baƙaƙen fata, waɗanda aka daɗe ana tauye musu ilimi, kuma kamfanin ya kasa nuna alaƙarsa da iya aikin. Kotu ta ce hakan ya saɓa wa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964.

Irin waɗannan sharuɗɗa suna nan birjik. Ana neman takardar makaranta don koyon aikin hannu. Ana yin jarrabawa da harshen hukuma kaɗai alhali aikin ba ya buƙatar rubutu da shi. Ana neman shaidar adireshi na dindindin daga mutanen da rayuwarsu ta ƙaura ce ko aka raba su da muhallinsu. Ana neman wasiƙar wani babba, abin da ke nufin wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya haƙura. Ana cewa sai ta intanet za a nema, a wurin da ba kowa ke da wayar da za ta buɗe fom ɗin ba. Duk sharaɗin da ba ku iya kare shi ba, ku cire. Wanda ya zama dole kuwa, ku buɗe masa hanya ta biyu: gwajin aiki da hannu a madadin takarda, ko wasu takardu dabam-dabam da kowace za ta iya zama shaida. Ku tanadi wanda zai taimaka wajen cike fom kyauta, don kada masu neman su faɗa hannun 'yan tsakiya.

Mataki na biyar: zaɓen kansa

A 2004 wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar gurabe a biranen Boston da Chicago, suna sa wa wasu sunayen da aka fi sani da fararen fata, wasu kuma sunayen da aka fi sani da baƙaƙe. Masu sunayen fararen fata sun samu kira da ya zarce na sauran da kusan kashi 50 cikin 100. Suna kaɗai ya yi wannan aiki.

Saboda haka mutane da yawa ke ba da shawarar a rufe suna, hoto da adireshi kafin a miƙa takardu ga masu tantancewa. Shawara ce mai kyau a inda ake zargin masu zaɓe da son kai, amma ba ta aiki a ko'ina. A wani gwaji da aka yi a Faransa wajajen 2010 tare da hukumar samar da aikin yi ta ƙasar, ɓoye suna bai amfani 'yan tsiraru ba, ya ma rage musu damar samun kira a kamfanonin da suka shiga gwajin. Wani gwajin a aikin gwamnatin Ostareliya, wanda aka wallafa a 2017, ya ba da sakamako mai kama da haka. Bayanin da aka yi shi ne, masu zaɓen da dama suna da niyyar taimakawa sukan yi wa mai nema uzuri idan sun san inda ya fito, kuma rufe sunan ya hana su yin hakan. Don haka ku gwada a zagaye ɗaya, ku kwatanta alƙaluman, sannan ku yanke shawara.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne tsara ganawa. Ku rubuta ma'aunin ba da maki kafin a buɗe takarda ko ɗaya. Ku yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a jere ɗaya. Masu ganawa su kasance aƙalla uku, ba daga ɓangare ɗaya ba, kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don kada babba ya yi magana sauran su bi. Ku haramta kalmomi irin su "bai kwanta min ba" ko "ba zai saje da mu ba", domin a ƙarƙashinsu wariya ke ɓuya. Duk wanda aka ƙi, a rubuta dalili a ajiye.

Ku yi hattara da tsarin wanda ya riga zuwa shi zai samu. Yana kama da adalci, amma wanda ya ji labari da wuri kuma yake kusa da ofis shi ke cin moriyarsa. Idan waɗanda suka cika sharuɗɗa sun fi guraben yawa, kuma shirin na taimako ne ba na gasar ƙwarewa ba, jefa ƙuri'a a bainar jama'a ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Haka kuma idan manhajar kwamfuta ce ke tace muku takardu, ku auna sakamakonta da ma'aunin da kuke auna mutum, don ta koya ne daga zaɓen da mutane suka yi a baya, da kyansa da muninsa.

Mataki na shida: ku duba inda ake tura kowa

Wannan ƙofa ita aka fi mantawa da ita. Ana iya ɗaukar 'yan tsiraru daidai adadinsu, a yi murna, alhali an zuba su duka a fannonin da ba su da albashi mai kyau ko makoma, an bar fannoni masu tsoka ga wasu. Sau da yawa mai ba da shawara ne ke yin haka da zuciya ɗaya, yana cewa, "Mutanenku sun fi iya wannan." Maganinsa shi ne a ba kowane mai nema cikakken jerin fannonin a rubuce ko a karanta masa, tare da tsawon horo da irin abin da ake samu bayan an gama, ya zaɓa da kansa. Sannan a riƙa duba alƙaluman kowane mai ba da shawara dabam.

Akwai kuma tarkon da ma'aunin nasara ke haƙawa. Idan ana yaba wa cibiyar horo ko ana biyanta bisa yawan waɗanda ta samar wa aiki kawai, za ta riƙa tsince waɗanda dama suna dab da samu, ta kauce wa masu buƙatar ƙarin wahala. An daɗe ana yi wa dokar horar da ma'aikata ta Amurka ta 1982 wannan suka. Ku gyara ma'aunin yadda cibiyar da ta karɓi masu rauni ba za ta zama ita ce mai asara ba.

Mataki na bakwai: ku taimaka musu su kai ƙarshe

Wanda ya daina zuwa a mako na uku, a takarda za a rubuta ya gudu. Ku neme shi ku ji dalili. Galibi za ku tarar kuɗin mota ne, ko rashin mai kula da yara, ko jinkirin biyan alawus ga wanda ba shi da abin da zai jingina da shi, ko an sa jarrabawa a ranar ibadarsa, ko kuma habaici da zolayar da ake yi masa a aji malami yana ji bai ce uffan ba. Dokar ba da tabbacin aikin yi a karkara da Indiya ta kafa a 2005 ta yi tunanin irin waɗannan abubuwa: ta tanadi a ba da aiki cikin tazarar kilomita 5 daga inda mutum yake ko a ƙara masa kashi 10 na lada, a biya cikin kwana 15, a samar da mai kula da yara a wurin aiki idan ƙananan yara sun kai biyar, kuma aƙalla kashi ɗaya bisa uku na masu amfana su zama mata. Ba kowane shiri ne zai iya duk wannan ba, amma kowane shiri yana iya duba kalandar ibadun mahalartansa kafin ya sa ranar jarrabawa, ya kuma tsawata wa mai cin zarafi tun a karon farko.

Mataki na takwas: kamfanoni da 'yan kwangila

Wata rana wani mai kamfani zai kira ya ce, cikin ladabi, kada a turo masa "irin mutanen nan". Jami'in da ke son cika adadinsa zai so ya yi shiru ya biya masa buƙata. Ku sanar da ma'aikatanku tun da wuri cewa amsa ɗaya ce: shirin yana tura mutane ne bisa cancanta, kuma za a rubuta wannan buƙata a kai ta gaba. Ku sa sharaɗin rashin nuna bambanci a cikin kowace yarjejeniya da cibiyoyin horo da kamfanonin da ke karɓar tallafi, tare da wajibcin bayar da alƙaluma da hukuncin da zai biyo baya, har zuwa soke kwangila. Idan kamfani ya karɓi mutum goma da kuka tura amma kullum ɓangare ɗaya yake riƙewa, ku zauna da shi da alƙaluman a hannu.

Mataki na tara: ƙofar koke

A manna bayanin haƙƙin mai nema da yadda zai kai kuka a inda kowa zai gani, da harsunan yankin, a kuma faɗa masa da baki ranar rajista. A karɓi koke a rubuce, ko da baki, ko ta waya. Kada ya bi ta hannun wanda ake ƙara. A sa wa'adi: a ƙarƙashin dokar Amurka ta 2014 da na ambata, mai koke yana da kwana 180 daga ranar da abin ya faru, hukumar da aka kai wa kuma tana da kwana 90 ta ba shi amsa a rubuce, kuma yana da damar zuwa ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Ku haramta ramuwar gayya a kan mai koke da shaidunsa, ku kuma hukunta wanda ya yi ta a fili, domin idan aka cire mutum ɗaya daga shiri bayan ya yi magana, sauran sun ɗauki darasi. Idan shekara ta wuce ba ku samu koke ko ɗaya ba, kada ku yi saurin murna. Ku tura wani da ba ma'aikacinku ba ya zauna da mahalarta ya ji ta bakinsu.

Mataki na goma: ku fito da sakamako fili

Duk wata uku jami'in daidaito ya kawo alƙaluman gaban shugabanni, duk shekara kuma a wallafa su ga jama'a. Dokar Indiya ta 2005 da na ambata ta ba taron mazauna ƙauye ikon bincikar ayyukan shirin, a riƙa karanta rajistar ma'aikata da abin da aka biya a gaban mutanen da abin ya shafa. Da wuya sunan bogi ya tsira a irin wannan zama.

Za ku ji ƙorafi daga masu rinjaye cewa an mayar da su 'yan bora. Kada ku raina wannan kuka, domin a cikinsu ma akwai talakawa masu tsananin buƙata. Ku nuna musu abin da aka canza dalla-dalla. Cire sharaɗin da ba shi da amfani, kai rajista kusa, tsara ganawa da biyan alawus a kan lokaci duk suna amfanar talakansu kamar yadda suke amfanar ɗan tsiraru. Idan kuma doka ta ba ku damar ɗaukar mataki na musamman, ku faɗi dalilinsa, da adadin da kuke son kaiwa, da ranar da za a sake duba shi.

Ga wanda shirinsa ya riga ya yi nisa, ba sai ya jira sabon zagaye ba. Ya ɗauko rajistar zagayen da ya wuce, ya jera waɗanda suka nema da waɗanda aka ɗauka da waɗanda suka gama, ya nemo ƙofar da tazara ta fi faɗi, ya gyara ita kaɗai kafin sanarwa ta gaba ta fita. Mu da muka yi hakan, ƙofar takardun shaida muka fara gyarawa, muka kuma kai teburin rajista wurin mutanen na kwana biyu, tare da wani matashi daga cikinsu da ya zauna kusa da mu yana fassara.